Grafana da Prometheus wajen sa ido kan ma'ajiyar wucin gadi ta PostgreSQL

Saurin rumbun bayanai ya dogara ne ƙwarai a kan ko abin da aka nema yana zaune a cikin RAM, wato ma'adanar kwamfuta mai sauri ta wucin gadi, ko kuwa sai an je an tono shi daga faifai. PostgreSQL, wato manhajar rumbun bayanai, yana tara shafukan bayanan da ake yawan nema, kowanne mai girman kilobait 8, a wani yanki na RAM mai suna shared_buffers, wanda yake zuwa da megabait 128 kacal, alhali masu manhajar da kansu sun ba da shawarar a fara da kashi 25 cikin ɗari na RAM ɗin saba, wato kwamfutar da rumbun yake kanta. Domin ganin halin da wannan ma'ajiya take ciki ne na ɗora Prometheus da Grafana a sabar wani dillalin magunguna da ke kan titin Ahmadu Bello a nan Kaduna, wanda rassansa na Kawo da Barnawa suke shigar da cinikinsu a rumbu ɗaya.

An ƙirƙiri Prometheus a kamfanin SoundCloud a 2012, aikinsa kuwa shi ne ɗebo alƙaluma lokaci-lokaci ta hannun postgres_exporter, wata ƙaramar manhaja da ke fito da su daga PostgreSQL, ya adana su. Grafana, wadda ta fito a 2014, ita ce take mai da alƙaluman zane. Dukansu kyauta ne, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda ke lissafin kuɗin manhaja da dala.

Amfaninsu na gaske ya bayyana ne a kan matsalar wuta. Duk sanda aka ɗauke wuta, batirin inbata ya ƙare kafin a tayar da janareta, saba takan mutu, kuma duk abin da ke cikin ma'ajiyar yakan shafe. Da safe sai zanen ya nuna layin blks_read, wato shafukan da ba a samu a ma'ajiya ba, ya yi sama, blks_hit kuma, wato waɗanda aka samu a cikinta, ya yi ƙasa, daidai lokacin da masu karɓar kuɗi suke ƙorafin cewa rasit yana ɗaukar lokaci kafin ya fito. Ganin haka ya sa aka kunna pg_prewarm, wani ƙari na PostgreSQL wanda yake sake loda shafukan da kansa bayan an tayar da saba, mai shago kuma ya yarda ya sauya batiri, domin ya ga hujja da idonsa.

Sai dai akwai tarko a cikin alƙaluman. PostgreSQL yana tara su ne tun daga ranar da aka fara ƙirga, saboda haka mutum zai iya ganin cewa kashi 99 cikin ɗari na shafukan da aka nema an same su a ma'ajiya ya saki jiki, alhali a cikin sa'ar da ta wuce lamarin ya lalace. Dole ne a yi lissafin a kan 'yan mintoci ta amfani da rate, umarnin da ke auna saurin ƙaruwar alƙaluma, a PromQL, yaren tambaya na Prometheus, wanda koyonsa yana buƙatar haƙuri. Haka kuma blks_read ba ya bambanta abin da aka karanto daga faifai da abin da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da saba, ya riƙe a tasa ma'ajiyar, don haka sai an haɗa shi da zanen aikin faifai kafin a yanke hukunci.

Prometheus yana riƙe bayanan kwana 15 ne kawai idan ba a ƙara ba, wanda bai isa a kwatanta ƙarshen wata da ƙarshen wata ba. Grafana tana aika gargaɗi ta imel da Telegram, amma babu WhatsApp kai tsaye, ga shi kuwa a can ne ma'aikatanmu suke wuni. Ga mai saba ɗaya zuwa uku da ke da wanda zai zauna ya koyi PromQL, ina ganin sun cancanci wahalar, da sharaɗin a ɗora su a kwamfuta daban mai nata batirin, don kada su mutu tare da sabar da suke gadi.