Sarƙar tayimin mai gurbi tara: ta gyara mini digiri 3 da ido bai gani ba

Injin da nake haɗawa Chevrolet 350 ne, V8 mai lita 5.7, na sa masa sabon kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul, mai ɗaga bawul fiye da na asali. Don haka na sayi saitin tayimin, wato sarƙa da giya biyu da ke haɗa kamshaf da karanshaf (sandar da fistin ke juyawa), mai sarƙa layi biyu, irin wanda giyar karanshaf ɗinsa ke da gurbin ki (ɗan ƙarfen da ke kulle giya a jikin sanda) har tara: ɗaya na tsakiya, huɗu na tura kamshaf gaba da digiri 2, 4, 6 ko 8, huɗu kuma na mayar da shi baya. Na yi kwana biyu ina fama da shi, ga abin da na gani.

Da na buɗe kwalin, abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne aikin ƙarfen. Haƙoran sumul, sarƙar ta zauna daram, da na danna ta da yatsa da ƙyar ta motsa. Na ɗaura, ɗigon giyar sama (ta kamshaf) ya kalli na giyar ƙasa (ta karanshaf), kamar yadda kowane bakanike ya saba. A inji na yau da kullum nan ake rufe murfi. Ni kuwa na ɗaura faifan digiri, mai nuna yawan juyawar inji, a hancin karanshaf, na lanƙwasa waya mai kauri ta zama manuni.

Sai da na fara neman ainihin ƙololuwar fistin na ɗaya, wato inda ya kai ƙarshen hawansa, domin idan aka kuskure nan duk awon da zai biyo baya ƙarya ne. Na sa ƙarfen tare fistin, na juya a hankali har ya toge, faifan ya nuna digiri 24. Na juya ta ɗaya hannun, ya nuna 28. Na gyara manuni har kowane ɓangare ya ba ni 26, na cire ƙarfen. Sannan na dasa agogon awo, mai auna ɗan motsin sama da ƙasa, a kan tafet ɗin bawul ɗin shan iska, wato ƙarfen da kamshaf ke turawa ya buɗe bawul. Tafet daskararre na sa, don mai aiki da matsin mai yana nutsewa ya ruɗa mutum.

Takardar kamshaf ta ce tsakiyar ɗagawar bawul ɗin ta faɗo a digiri 106 bayan ƙololuwa. Na sami inda ya fi ɗagawa, na karanta faifan a inci 0.050 kafin wurin da kuma bayansa: 66 da 152. Idan ka haɗa ka raba biyu, 109 ke nan. Gabana ya faɗi. Na sake sau biyu, kullum ina juyawa ta hannun da inji ke juyawa don sarƙa ta kasance a ɗame, amsar ba ta canza ba. Ɗigo yana kan ɗigo, amma kamshaf ya makara da digiri 3. Ba na ɗora wa wani ɓangare guda laifi. Ɗan kuskuren gurbin ki, da na fil ɗin kamshaf, da na gangar jikin inji, su ne ke taruwa su zama haka. Da na rufe a haka, da bawul ɗin ya riƙa rufewa a makare, motar ta yi sanyi wajen tashi, ni kuma in yi ta zargin kafireta.

Nan saitin ya biya kuɗinsa. Na koma gurbin digiri 4 gaba, na auna, na sami 105. Na bar shi haka da gangan, tunda sarƙa na ɗan saki bayan ta yi aiki, kuma sakin baya yake jan kamshaf.

Abu biyu suka ɓata mini rai. Alamomin da ke kan ƙaramar giyar ƙanana ne ƙwarai, kuma kowane gurbi yana da nasa haƙorin da za ka daidaita da ɗigon sama. Karon farko na sa ki a gurbin da ya dace amma na bi haƙorin tsakiya, faifan ya ba ni lambar da ba ta da kan gado. Sai da na goge da tsumma, na haska fitila, na shafa wa alamar farin fenti. Na biyu, giyar ta matse hancin karanshaf sosai, duk canji sai da abin zaro giya. Kada ka ce za ka ɓamɓare ta da sukudireba.

Tura kamshaf gaba yana kusanto da bawul ɗin shan iska ga fistin, don haka na manna yumɓu a kan fistin, na mayar da kan silinda wurinsa, na juya inji zagaye biyu, na yanka yumɓun na auna. Na sami inci 0.095, ya haura 0.080 da ake so a ƙalla. Na ɗiga wa kusoshin giyar sama gam na hana kwancewa, na ɗaure, na sake karanta faifan karo na ƙarshe kafin in sa murfi.

Wanda zai yi gyaran injin zirga-zirga kawai, saiti mai gurbi ɗaya ya ishe shi. Wanda ya sa kamshaf na gudu kuwa, ina ba shi shawarar wannan da zuciya ɗaya, amma ya sayi faifan digiri da agogon awo tare da shi. Inji na gaba da zan buɗe, shi zan sake sayowa.