Ɗakin tsoffin rubuce-rubuce na Arewa House: abin da mai bincike zai tarar

Arewa House tana kan titin Rabah a Kaduna, a harabar gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna har zuwa rasuwarsa a 1966. Farfesa Abdullahi Smith ne ya assasa cibiyar a 1970, yanzu kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akwai laburare, da gidan tarihi, da ɗakin adana takardu, amma ƙarfinta na gaske yana wajen rubuce-rubucen hannu na Larabci da Ajami.

A da, mai rubuta tarihin Arewa rahoton Razdan da na Di'o yake dogaro da su. Smith da ɗalibansa suka dage cewa wasiƙun sarakuna, da hukunce-hukuncen alƙalai, da waƙoƙin malamai su ma hujja ce, ba kayan tubarraki kawai ba. Tarin Modibbo Ahmadu Fufore na Adamawa da ke nan misali ne mai kyau na laburaren malami guda. Ajamin da aka daɗe ana raina shi in an kwatanta da Larabci, yau shi masu bincike ke nema ido rufe, kuma sun yi daidai.

Mai zuwa ya riƙe takardar gabatarwa daga makarantarsa, ya kuma san littattafan nan ba ɗinkakku ba ne. Warƙoƙi ne a sake, yawanci babu lambar shafi. Kalmar da mai kwafar littafin ya rubuta a ƙasan warƙa ita ce farkon ta gaba. In aka hargitsa jerin, da ita ake mayar da shi. A ɗaga takarda ga haske: tambarin jinjirin wata uku yana nuna takardar Italiya ce da fatake suka ratso Sahara da ita, wannan kuwa yana taimakawa wajen kintata shekarunta.

Tawadar zuge da ƙaro ba ta jure danshi, don haka hannu ya zama wankakke, busasshe. Fensir kawai, ban da biro. Kada a liƙa salatif a yagaggen wuri, domin gam ɗinsa yana cin takarda. Hunturu yana busar da warƙa ta riƙa karyewa, damina ta kawo fumfuna, gara kuma ba ta da lokaci.

Ga ɗalibin tarihi ko fiƙihu wurin ya cancanci tafiya. Wanda bai saba da rubutun warashi ba ya nemi alaramma ya raka shi.