Bokitin abincin ko-ta-kwana: ga ƙoshi ga kwanan yunwa

'Yan'uwa sun ishe ni da tambaya a kan bokitin nan na abincin ko-ta-kwana, wai su saya ko kar su saya, tunda sun san na saya kuma na buɗe shi a irin ranar da aka yi shi dominta. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Farin bokitin nan ne mai jan murfi da wata mata take talla a Instagram, babban, wanda aka rubuta a jikinsa wai zai riƙe mutum huɗu kwana uku. Kuɗinsa kun sani, ba sai na tayar wa kaina da hawan jini ba. In maki biyar ake bayarwa, uku zan ba shi, kuma biyu daga ciki na bokitin ne shi kansa, ba na abin da aka zuba a ciki ba.

Bokitin kam ba ni da ta cewa. Roba ce mai kauri, murfin yana da zoben roba ta ciki, in ka danna ya kama sai ka sa ƙarfi kafin ya buɗu. Mu a unguwar Gwange muke, a Maiduguri. Daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya shigo mana cikin duhu, kafin mu gama tashin yara ya wuce gwiwa a tsakar gida. Buhun shinkafa, gero, manja, risho, tukunyar gas, duk a nan muka bar su. Babban ɗana ne ya tuna da bokitin, ya ɗora ƙirjinsa a kai yana tura shi a gabansa, yana yawo a saman ruwa, har muka isa benen wani maƙwabcinmu, Allah Ya saka masa da alheri. Da muka buɗe, ko ɗigon ruwa bai shiga ba. A lokacin har na ce wa maigida, “Abbansu, ka ga kuɗin da kake ta min mita a kansu.” Bai tanka ba.

Murnar ba ta kai hantsi ba.

Abin da ya cika bokitin, kusan kashi uku cikin huɗu, wasu ledoji ne masu sheƙi irin na madarar gari, kowace da hoton abinci mai kyau a jiki: shinkafa da kaza, taliya da miya, wake, wani fate na dankali, sai kunun hatsin Turawa. Duk busassu ne ƙarau. Ɗana ya karanta mana bayanin baya: a tafasa ruwa kofi kaza, a zuba, a rufe, a jira minti kaza. A tafasa da me? A saman bene muke, mata da yara cike da falo har kan matakala, ƙasa ruwa ne har tagogi. Kicin ɗin masu gidan a ƙasa yake, ya nutse da komai. Ba gawayi, ba kananzir, ba ice, wutar lantarki kuwa ba a ma maganarta. Wai har da ashana suka saka a ciki, a 'yar leda, an naɗe ta tsaf. Ashana ba abin kunnawa. Na zauna riƙe da ledar shinkafa da kaza a hannu, auta tana kallon hoton tana cewa “Umma, a ba ni wannan”, yaran mutane sun kewaye ni don sun ga ni ce mai bokiti. Wallahi ban taɓa jin kunya da takaici irin na wannan safiya ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Mun gwada da ruwan sanyi, don ba yadda za mu yi. Kunun ya jiƙu, yara suka sha, ba laifi. Shinkafar kuwa mun bar ta a jiƙe har azahar, waje ya yi laushi ciki na nan ƙwar-ƙwar, wanda ya tauna sai ya tofar. Taliyar ta zama wani abu mai yauƙi. Ga gishiri kamar da gayya. Mutumin da yake lissafin ruwan sha da murfin kwalba, shi za ka ba abincin da zai ƙara masa ƙishi? Sannan Hajiya, surukata, ta juya ledar kazar gaba da baya ta ce, “Ke, wa ya yanka wannan kazar?” Na duba, babu alamar halal ko ɗaya, lambar NAFDAC ma babu. Ta ajiye ta ce ita dai ba da ita ba. Da ta ƙi, sauran dattawan matan ma suka ƙi.

Ita Hajiya ta ga ambaliyar 1994, lokacin da dam ɗin nan ya taɓa yin irin wannan aika-aika, kuma tun da aka fara cewa kogin Ngadda ya cika ta daina barci sosai. Ashe ta ƙulle garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli da dabino a leda biyu-biyu, ta ɗaure a zani ta ɗora a ka. Ba wanda ta gaya wa. Wannan ƙunshin ne ya rufa mana asiri a wunin farko.

Amma a nan dole in yi wa bokitin adalci, don garin Hajiya ma sai da ruwa, kuma ruwan ne babbar matsala. Can ƙasan ledojin akwai wani ɗan kati na ƙwayoyin tsaftace ruwa, wanda da na saya ko kallo bai ishe ni ba. Tankin saman gidan ya kusa ƙarewa, na ƙasansa duk laka ne, sai ruwan sama da muka tara a robobi. Muka juye kayan bokitin a zani, muka riƙa tace ruwan da ɗankwali mai tsabta a cikinsa, a jefa ƙwaya daidai yadda aka rubuta, a rufe, a jira minti 30. Yana warin sinadarin wanki, yara suna yamutsa fuska, amma sun sha. Wanda ya ga ruwan da ya ratsa garin nan ya san abin da nake nufi: ya bi ta masai, ya bi ta kwatoci, ya bi ta maƙabarta, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, gidan zu ma bai tsira ba, ana ta gargaɗin a kula da kadoji da macizai. Rijiyoyi duk sun gurɓata. Watan Oktoba na kamawa gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. A cikin 'ya'yana babu wanda ya yi ko gudawa, alhamdu lillahi, kuma bayan ikon Allah ina ganin ƙwayoyin nan ne. Akwai kuma 'yan ƙunshin gishiri da sukari irin na asibiti, guda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa. Jaririn wata baiwar Allah da muke tare ya fara zawo, da su aka riƙe shi har aka fitar da mu.

Sai biskit ɗin. Wannan kam ko nawa ne ya ci kuɗinsa. Ba irin na shago ba ne, dunƙule yake mai nauyi, ɗanɗanonsa kamar gari da madara da ɗan mai, ba ya son wuta ba ya son komai. Yaro ya ci guda ɗaya ya sha ruwa sai ya yi shiru na tsawon lokaci. In ka murmushe shi a ruwa ya zama kunu, har mai goyo ta ba ɗanta. To amma fakiti nawa suka saka? Biyu. Biyu tak, a bokitin da aka cika da shinkafar da ba ta ciwuwa. Kifin gwangwani ma akwai, irin wanda ba shi da zoben ja, kuma ba mabuɗi. Da wuƙar wani mai sayar da rake aka fasa su.

Na ce maki uku ko? Yanzu da nake tuna biskit biyun nan, a mai da shi biyu.

Bayan an kwashe mu, wasu aka kai su sansanin Bakassi, mu muka wuce gidan yayata a Bulumkutu. A can na dafa ragowar ledojin da tafasasshen ruwa kamar yadda suka ce, don in ga iyakar abin. Taliyar ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba, faten dankalin ma yara sun so shi. Sai dai a gidan da ake tuƙa tuwo da miyar kuka wa ke neman fate na leda? Maigida, da yake ɗan kasuwa ne kuma shagonsa ya tafi a ruwa, zuciya na cinsa, ya zauna da biro ya tara lambobin da ke bayan ledojin duka. Masu aikin agaji kalori 2,100 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) suke ƙiyasta wa mutum ɗaya a rana. Abin da ke bokitin, in aka raba wa mutum huɗu na kwana uku, da ƙyar ya haura rabin haka. Abin da suke kira cin mutum ɗaya, ludayi biyu ne. Ya miƙo min takardar ya ce, “Ga kuɗin da nake ta miki mita a kansu.”

Da hankali ya ɗan kwanta na yi wa matar magana, cikin mutunci, na ce mata ga abin da ya faru, ya kamata ta riƙa gaya wa mutane gaskiya kafin su biya. Ta fara da jaje, ta yi addu'a, sannan ta ce, “Hajiya, ai an rubuta a jiki sai an tafasa ruwa.” A jikin ledar da ke cikin bokitin da aka liƙe da tambari, wanda ita da bakinta ta ce kar a buɗe sai ranar buƙata! Wai kuma tana da ɗan murhu na tafi-da-gidanka da ake saya daban. To me ya hana ta faɗa tun farko? A tallarta ruwa ne ya cinye gidaje, mace na tsaye da yara a kan rufi. Ta san irin bala'in da muke tsoro a nan. Ambaliya wuta take fara kashewa, sannan ta ɓata ruwan sha, kayanta kuwa sai da su biyun. Wannan kaya an yi shi ne don ƙasashen da in wuta ta ɗauke mutum yana zaune a gidansa a bushe, da gas ɗinsa da famfonsa.

Ga kuma zancen da take ta nanatawa, wai kayan cikin bokitin za su yi shekara 25 ba su lalace ba. A ƙananan rubutu an ce sai an ajiye a wuri mai sanyi. Wuri mai sanyi a Maiduguri, a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ɗaki da rufin kwano? Biskit ɗin ma da na duba kwanan watansa saura 'yan watanni ya ƙare, a cikin bokitin shekara 25.

Bokitin yana nan, na wanke shi na cika da kaina: garin kwaki, sukari, madarar gari, dabino, soyayyar gyaɗa, ƙwayar ruwa da ƙunshin gishiri da sukari daga kemis, gawayi kaɗan a leda, laita, ƙaramar tukunya, wuƙa, da takardun gida da na makarantar yara. Wahalarsa ɗaya, sai ana sauyawa, don gyaɗa da ƙuli-ƙuli in sun daɗe maiƙonsu yana juyawa, don haka duk ƙarshen damina muke cinye na ciki a zuba sabo. Abin da na kasa samu shi ne biskit ɗin nan. Na sake komawa wajenta, duk da haushin da nake ji, na ce ta sayar min da shi kaɗai, ko katan ne zan ɗauka. Ta ce ba a rabawa, sai dai in sake sayen bokiti.