Jam-sitata ko sabon batir: wanne ya fi maka a sanyin Sakkwato?

Wani ɗan'uwa daga Mabera ya tambaya cewa tun da hunturu ya shigo mashin ɗinsa ba ya tashi da sitata da asuba. In ya danna maɓalli sai ya ji ƙas-ƙas kawai, fitila ta dushe, amma da rana ta ɗaga yakan tashi. Yana son sanin ko ya sayi jam-sitata, wato ɗan akwatin nan mai kama da fawa bank da ake maƙala wa batir a tada inji, ko kuwa ya canza batir gaba ɗaya.

Malam, kafin ka fitar da ko sisi, ka san cewa sanyinmu bai kai ya kashe lafiyayyen batir ba. A Disamba da Janairu asubar Sakkwato takan sauka wajen digiri 15, kuma a nan batir ɗan kaɗan yake rasawa daga ƙarfinsa. Mai kisan shi ne zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ake haura digiri 40. Zafin yana ƙafar da ruwan batir, yana cinye farantan dalmar da ke ciki, amma ba ka lura saboda a lokacin inji na juyawa da sauƙi. Da sanyi ya zo, baƙin mai ya yi kauri, fetur ba ya saurin zama tururi a kafireto, sitata na neman ƙarin wuta, sai asirin batirin ya tonu.

Saboda haka a fara da awo. Mita ƙarama ta awon wuta irin ta mai riwaya, wato mai gyaran wutar mota da mashin, ta isa. A bar mashin a kashe na wasu awoyi, a ɗora jan tsinke a kan mai alamar +, baƙi a kan mai alamar −. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 zuwa 12.8. In ya nuna 12.4 ya fara sauka, in ya kai 12.0 ko ƙasa kusan fanko ne. Sai a danna sitata mita na maƙale: idan lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 alhali an cika batirin da caji, to ya gama aiki. Awo na uku shi ne wanda ake yawan tsallakewa. A tada inji, a ɗan ba shi wuta, ya kamata a ga 13.5 zuwa 14.5. In ya tsaya a 12 da ɗoriya, mashin ba ya caji, laifin na raktifaya ne, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, ko kwayil mai samar da wutar, ko wata waya da ta saki. In ya haura 15 kuwa, raktifaya na dafa batirin, kuma duk sabon da ka saka haka zai bi sahun tsohon.

A duba kan batir ma. Farin garin nan mai ɗan kore da ke taruwa a jikin noti yana tare wuta, kuma shi kaɗai yana iya kawo ƙas-ƙas ɗin da kake ji. A kwance baƙar waya tukuna, sannan ja, a wanke da ruwan zafi da aka jiƙa ɗan kanwa a ciki, ba tare da ya shiga cikin batir ba, a goge da samfefa har dalma ta yi haske, a ɗaure ja sannan baƙa, a shafa giris ko basilin. In batirin mai murafai ne kuma ruwa ya sauka ƙasa da layi, tataccen ruwan batir ake ƙarawa. Ba asid ba, ba ruwan rijiya ba, ba fiya wata ba.

Yanzu ga kwatancin.

Jam-sitata aro yake ba ka na daƙiƙa biyar. Batirin litiyom ne a ciki, yana iya sakin wuta mai yawa nan take, kuma sitatar mashin mai cc 100 zuwa 150 ba ta da wani ci idan aka gwada da ta mota, don haka mafi ƙanƙantar wanda aka yi don volt 12 ya ishe ka. Kada manyan lambobin jikin kwali su ruɗe ka. Rubutun mAh 10,000 (mAh da Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa ne, mAh 1,000 shi ne Ah 1) galibi a kan volt 3.7 aka lissafa shi, in aka mayar da shi volt 12 wajen Ah 3 ne kawai, bai ma kai batirin mashin naka mai Ah 5 ko 7 ba. Abin da za ka nema shi ne wanda wayarsa ke da ɗan akwatin kariya mai fitila ko ƙara, wanda zai ƙi sakin wuta in aka juya ja da baƙi. Marar wannan kariya, kuskure ɗaya na cikin duhun asuba zai iya ƙona fis, ya tafi da raktifaya ko CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa tartsatsin fulogi. A kuma duba girman bakin matsin, domin da yawa don mota aka yi su, ba sa kama ɗan notin batirin mashin sai sun taɓa ƙarfen gefe.

Yadda ake amfani da shi: a kashe makulli, mashin na firi. Jan baki a kan +, baƙi a kan − ko wani noti marar fenti a jikin inji, nesa da tankin mai da kafireto. A kunna makulli, a ja cok, a danna sitata daƙiƙa uku zuwa biyar. Bai tashi ba, a dakata rabin minti. In an gwada sau uku ko huɗu shiru, a bari, matsalar ta fulogi ce ko mai, ci gaba da dannawa zai gasa sitata ne kawai. Da ya tashi a cire baƙi, a cire ja, kada a bar shi maƙale ana ɗumama inji.

Rauninsa a garin nan shi ne zafi. Litiyom ba ya son rana. Wanda aka bari a ƙarƙashin sirdi ko cikin akwatin baya, mashin na tsaye a bakin Babbar Kasuwa da azahar ɗin Afrilu, zai kumbura, kuma kumburarre ba a sake caja shi, haɗarin gobara ne. A inuwa ake ajiye shi, a cika shi duk bayan wata uku ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Ga shi kuma mai kyau a cikinsu yakan fi sabon batirin mashin tsada.

Sabon batir kuwa yana gyara asalin abin, in dai awo ya nuna batirin ne. Hon zai dawo da muryarsa, sigina ta yi ƙyafta daidai, sitata ta juya ba tare da ka kwance murfin gefe kullum asuba ba. A sayi mai girma da Ah irin na tsohon, a tabbatar + da − suna gefen da waya za ta kai. Irin wanda ake zuba wa asid a shago, a bar shi ya huta minti 30 bayan zubawa, sannan a yi masa cajin farko kafin a ɗaura. Masu ɗaurawa nan take su wuce su ne ke dawowa da ƙorafi kafin shekara.

Akwai hanya ta uku da ba ka ambata ba, kuma sau da yawa ita ce daidai: caji a hankali. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin goma na Ah, wato batir mai Ah 7 a ba shi amp 0.7 na awa takwas zuwa goma. Cajin gaggawa da babbar cajar mota yana sa shi zafi, faranti su lanƙwashe. Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa masallaci ce ko shagon bakin layi, mashin ba ya samun damar mayar da abin da sitata ta ci. Tafiyar minti 20 zuwa 30 a kan titi, kamar daga cikin gari zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tana taimaka wa batirin da ya ɗan sauka, amma ba ta cika wanda ya kwanta ƙasa warwas. Batirin da aka bari fanko na makonni kuma yakan yi ɓawo a faranti, ya daina karɓar caji.

Ra'ayinmu a kan naka, tunda da rana yana tashi: in mashin ɗin yana da kik, kamar Boxer da Jincheng da yawancin roba-roba, jam-sitata ba shi ne na gaba a layi ba. Ka ja cok, ka taka kik sau biyu ko uku makulli a kashe don inji ya saki jiki, ka kunna ka taka, ka bar shi ya yi ɗumi minti biyu, sannan ka kai a yi awo ukun nan. Turawa a giya ta biyu ma tana yi, sai dai ba ta aiki a sikuta mai giya otomatik. Jam-sitata ya fi dacewa da mai babban mashin marar kik ko mai injekta, wanda famfon mansa ba ya motsi sai da wuta, da mai gida da ke da mota ko janareto mai makulli, da kuma 'yan kabu-kabu da za su haɗa kuɗi su ajiye ɗaya a tasha.

In kuwa maƙwabci mai mota ya ce zai jona maka da waya, ba laifi tunda duka volt 12 ne, amma injin motar ya kasance a kashe. A kuma leƙa jikin batirin tukuna, don wasu tsofaffin mashina volt 6 gare su, kuma ba a jona musu 12 ko daga mota ko daga jam-sitata.