Daga Bronx zuwa Kano: kyamarar da zan aiko maka da dalilina

Assalamu alaikum ƙanena. Da fatan kuna lafiya, ya gida, ya ƙoƙari. Na ji saƙon muryar da ka turo ran Lahadi, sau biyu na saurara a jirgin ƙasa ina dawowa daga aiki. Ka ce Canon 600D ɗinka ta gaji, amare sun fara tambayar wace kyamara gare ka kafin su ba da kafin alƙalami, kuma ranka yana kan Sony A7 IV saboda ita ake ta yabo a Instagram. Ban amsa a waya ba domin maganar ta fi ƙarfin minti biyu. Tunda kuma ka ce yaran shagonku suna jiran su ji abin da zan ce, bari in rubuta a tsanake kowa ya karanta. A taƙaice, Canon R6 Mark II ta hannu na saya maka, ga kuma dalilina.

Wurin da kowa yake zuwa sayen kyamara a nan New York shi ne B&H, a kan titi na 9 daidai mahaɗarsa da layi na 34 a Manhattan. Daga Bronx jirgi mai lamba 2 nake shiga, in sauka a tashar Penn, in taka kaɗan. Kantin Yahudawa ne masu riƙo da addininsu, tun 1973 suke sana'ar. Ran Juma'a da rana suke rufewa, Asabar ba sa buɗewa ko kaɗan, har shafinsu na intanet ba ya karɓar ciniki sai ranar ibadarsu ta wuce. Wannan ya burge ni tun farkon zuwana. A ciki kyamarori suna jere a kan tebura, kowacce a kunne da lensinta, ka ɗauka ka gwada yadda kake so, ba mai tsaya maka a ka. In ka zaɓi kaya ba a hannu za a ba ka ba, a kwando ake sa shi ya bi wani layin ƙarfe da ke saman kawunan mutane, ya riga ka isa wurin biyan kuɗi. Akwai kuma Adorama a layi na 18, su ma manya ne.

Abu na farko da nake so ka cire daga ranka shi ne wai kaya suna da arha a Amurka. Sabuwar kyamara farashinta kusan ɗaya ne a duk manyan kantuna, kuma ba a tayi, ba "albarka", ba "sallama". Sony A7 IV da ta fito a 2021 dala 2,499 aka sa mata, jiki kawai ba lensi. Canon R6 Mark II da ta biyo baya a ƙarshen 2022 ita ma haka, dala 2,499. Sannan kuɗin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba, sai an ɗora harajin birnin New York, kusan kashi 9 cikin ɗari. Ka buga wannan da canjin dala na yau ka ga inda ka tsaya.

Abin da suka fi mu da shi a nan yana kewaye da kayan ne. In ka sayi kyamara ba ta yi maka ba, kana da kwana 30 ka mayar da ita da kwalinta da rasit a ba ka kuɗinka, ba rantsuwa, ba kiran shugaban kasuwa. Ta hannu kuwa, wadda muke cewa Beljiyam a gida, a nan sana'a ce mai tsari. B&H da Adorama suna da sashenta, akwai kuma KEH a jihar Jojiya da MPB, waɗanda ba su da aiki sai saye da sayar da kayan hoto na hannu. Kowace kyamara an duba ta, an ba ta daraja, an rubuta inda ta kuje. MPB har hoton ainihin wadda za a aiko maka suke sawa, sau da yawa tare da adadin bugun da shotarta ta yi, wato yawan hotunan da ta ɗauka, kuma su da KEH suna ba da garanti na wasu watanni. Adadin bugun nan kamar kilomitar mota ne. Canon 5D Mark III, misali, an ƙiyasta shotarta a kan bugu 150,000. In ka san ta yi 20,000 ka san abin da ka saya. A gida sai dai ka duba fuskar mai kaya ka yi tawakkali.

Sai haya, wadda ita ce ta fi yi mini amfani. Akwai kamfani a Tennessee, LensRentals, ka zaɓi kyamara da lensi a waya, su aiko maka a akwati har ƙofar gida, ka yi aikinka na kwana uku ko mako guda, ka mayar a cikin akwatin da takardar aikawa da suka riga suka saka. Saboda maganarka na yi hayar A7 IV na yi wani suna da ita a nan unguwarmu, wurin 'yan'uwanmu Hausawan Ghana. Mako biyu bayan nan na yi hayar R6 Mark II na ɗauki bikin wasu 'yan Nijar a wani zauren taro mai ƙarancin haske. Don haka abin da zan faɗa maka da hannuna na taɓa.

Amma ka lura da kyau: duk waɗannan abubuwa ba sa shiga jaka. Kwana 30 ɗin nan za su ƙare kafin kyamara ta sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Garantin Canon na Amurka a Amurka da Kanada yake aiki, ba wanda zai karɓi takardarsa a Kano ko Legas. In ta lalace ran Alhamis kana da kamu ran Juma'a, ba kamfanin hayar da zai aiko maka da wata kafin gari ya waye. Ni a nan zan iya sayen kyamara mai laulayi domin akwai masu tallafa mini ta kowane gefe. Kai dole taka ta tsaya da ƙafarta, kuma ta zama irin wadda in ka rasa batir ko lensi za ka iya aron na maƙwabcinka. Da wannan ma'auni na yi zaɓi.

Sharaɗina na farko ramin memori biyu, wato wurin sa katin adana hoto guda biyu. Ban taɓa ba ka labarin nan ba saboda har yau yana yi mini ciwo. A shekarata ta biyu a nan na ɗauki sunan 'yar fari ta wani bawan Allah direban tasi, da kyamara mai rami ɗaya da wani kati da na saya da arha a wani ƙaramin shago. Kakar jaririyar ta zo daga gida musamman saboda sunan. Na koma ɗaki na sa katin a kwamfuta, ya ƙi buɗewa. Na kai wa masu ceto bayanai, hotuna kaɗan suka fito, babu na kakar rungume da jikarta. Na mayar masa da kuɗinsa, ya ce ba komai, haka Allah Ya so. Tsohuwar ta koma gida, bayan 'yan watanni ta rasu. Tun daga ranar ban sake karɓar kuɗin mutum da kyamarar da ba ta rubuta kowane hoto a kati biyu lokaci guda ba. Shi ya sa na cire Canon R8 daga lissafi duk da hotonta yana da kyau ƙwarai kuma dala 1,499 ta fito a 2023. Raminta ɗaya, batirinta ƙarami. Haka ma 6D Mark II da na san ana so a gida.

Tsakanin Sony da Canon kuwa, gaskiya A7 IV kyamara ce ta gaske. Megafiksel 33 gare ta, rami biyu, tana kama idon mutum ta riƙe, kuma Sigma da Tamron sun yi mata lensi iri-iri masu sauƙin kuɗi. Da yau kake fara sana'a hannu rabbana, da ban hana ka ba. Amma kai shekara nawa yatsunka suna kan Canon? Filasharka ta Canon ce, lensinka na 50mm na Canon ne, kuma da bakinka ka ce kusan kowa a shagonku Canon yake riƙe. R6 Mark II tana karɓar duk tsofaffin lensin Canon da ake kira EF ta hanyar wata 'yar adafta, kuma suna aiki lafiya lau, wasu ma fokas ɗinsu ya fi daidai a kanta fiye da kan tsofaffin kyamarorin. Lensin EF na hannu kuwa sun cika kasuwa a nan saboda mutane suna ta komawa sababbi. Batirinta dangin LP-E6 ne, irin na 5D Mark III da 6D da 7D, wanda in naka ya mutu a tsakiyar dina za ka iya samun na aro a zauren. Megafiksel 24 ɗinta sun ishe ka albam da babban firam na falon amarya. Kada lamba ta ruɗe ka.

A bikin 'yan Nijar ɗin nan ne ta gama saye ni. Fitilu ja da shuɗi suna juyawa, amarya ta shigo da mayafi ya rufe rabin fuskarta, ƙawaye suna liƙi sun kewaye ta, kyamarar ta nemo idonta ta maƙale. Da 600D sai ka yi bugu goma kafin ka sami biyu masu kaifi a irin wannan wuri, kai ma ka sani. Babbar sensarta kuma, wato abin da ke kama hoton a cikinta, tana jure duhu, hoton ba ya yin yashi da wuri.

Na daɗe ina kallon 5D Mark IV ta 2016, domin tana da ƙarfi kamar jaki, batirinta yana daɗewa, kuma masu gyara a gida sun san cikin irinta. Abin da ya sa na bar ta shi ne bidiyo. Yanzu kowace amarya tana son gajeren bidiyon da za ta ɗora, kuma nan R6 Mark II ta yi mata nisa. R6 ta farko ta 2020 ta fi arha, amma an san ta da ɗaukar zafi in ana bidiyon 4K, kuma tana yankewa kafin minti 30. Wadda ke zafi a nan, ina ga Kano a watan Afrilu? Ta biyun an gyara mata wannan sosai.

Ga abu biyu da suka shafi gida kai tsaye. Kyamara marar madubi a ciki, irin R6 Mark II, sensarta a fili take da zarar ka cire lensi, ga ƙurar hunturu. Wannan tana sauke labulen shota ta rufe sensar in ka kashe ta, don haka kullum ka kashe kafin ka canja lensi, ka juya bakinta ƙasa. Na biyu, tana cin batir fiye da wadda ka saba, amma tana caji ta USB-C, ke nan fawabank mai ƙarfi zai cece ka ranar da babu wuta.

Lensinka na 18-55 ka bar shi a kan 600D. Zai hau sabuwar, amma zai yanke hoton ya koma ƙasa da megafiksel 10. Na samo maka EF 24-105 na hannu mai jan zobe, shi zai zame maka na yau da kullum, 50mm ɗin kuma na hoton amarya ita kaɗai.

Kuɗin da ya ragu saboda na sayi ta hannu a haske na zuba shi, kuma ina roƙonka kada ka raina wannan. Matsalar hotonmu ba ta wuce baƙar fata kusa da farar shadda ko leshi mai duwatsu ba. In ka buɗe don fuska, rigar ango ta ƙone, aikin zaren ya ɓace. In ka rufe don riga, fuska ta nutse. Kyamara komai tsadarta ba ta warware wannan ita kaɗai, sai haske mai laushi daga gefe. Na sayi Godox AD200 da lema da abin kunna ta daga nesa. Za ka ga an rubuta Flashpoint a jiki, kada ka ce an cuce ni, sunan da Adorama ke sayar da kayan Godox da shi ke nan. Haka suke a nan, ko 600D ɗinka Rebel T3i ake kiranta a Amurka.

Kada kuma ka ɗauka komai nasu ya fi namu. A nan in maɓalli ɗaya ya lalace, kuɗin aikin hannu kaɗai zai sa ka yi tunanin sayen wata, kuma sai ka aika ta gidan waya ka jira. A gida mai gyara zai buɗe ta a gabanka, ya ciro abin daga wata matacciya, ka koma aiki da la'asar. A nan wasu zaurukan biki ba sa barin ka kafa fitila sai ka nuna takardar inshora. Ba mai ba ka kaya bashi don ya san mahaifinka. Ina kewar wannan ƙwarai. Abin da nake so ka ara daga wurinsu shi ne rubuta yarjejeniya: awa nawa, hoto nawa, rabin kuɗi kafin rana, sauran kafin a miƙa albam.

In ta iso, kafin komai ka shiga saitin bidiyo ka mayar da shi PAL. An saita ta a kan wutar nan mai bugu 60, tamu ta Najeriya 50 ce, in ka bar ta haka za ka ga bidiyo yana rawa a ƙarƙashin fitilun zaure. Cajar tana karɓar wuta daga 100 zuwa 240, bakin soket kawai za ka canja mata. Na sa batir uku na asali da kati huɗu daga babban kanti. Ka saita ta tana rubutawa a duka katin biyu, kada ka sauya ko da wani ya ce ɓarnar wuri ce.

Kawu zai taho kafin azumi in Allah Ya yarda, shi zai riƙo maka. Na gaya masa batura a jakar hannu ake shiga da su jirgi, ba a babban akwati ba, kuma rasit yana aljihun gaba ko kwastan za su tambaya. 600D kada ka sayar, ka riƙa rataya ta a kowane biki da 18-55 ɗinta. Abin da ka tara na Sony ka ba Inna rabi ta ajiye maka, sauran ka sayi hadis, wato hard disk, guda biyu na adana hotuna. Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata maganin ƙafarta yana cikin jakar. Ka gaida yaran shago, hoton farko da ka ɗauka da ita kuma na Inna nake so, a tsakar gida da hantsi.