Birki mai kama kansa ko Autopilot, wanne ya fi tsare rai?

Malam, ka tambaya wanne ya fi tsare rai: motar da ke taka birki da kanta in ta ga za a yi karo, ko irin ta Tesla mai riƙe sitiyari da totur, wato Autopilot. Ni dai ta farkon na fi yarda da ita, kuma hujjata halin ɗan Adam ce.

Birki mai kama kansa ba ya ƙwace maka tuƙi. Sitiyari na hannunka, idonka na kan kwalta, shi kuwa yana laɓe sai ka makara. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta gano yana rage bugun mota ta baya da kusan rabi, kuma tun Yulin 2024 Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin ƙananan motoci.

Autopilot kuwa shi ke tuƙin, kai aikinka gadi. To, wa zai yi awa guda yana gadin abin da bai taɓa ganin ya yi kuskure ba? Hannu zai sauka, waya za ta fito. A Mayun 2016 a Florida, wata Tesla Model S ta shige ƙarƙashin tirelar da ke tsallaka titi, direban ya rasu. Hukumar NTSB mai binciken haɗurran sufuri a Amurka ta ce cikin minti 37 da na'urar ke tuƙi, daƙiƙa 25 kacal hannunsa ya yi a kan sitiyari. A Maris 2018 motar gwajin kamfanin Uber mai tuƙa kanta ta kashe wata mata mai tura keke a garin Tempe na Amurka, alhali wadda aka ɗora don sa ido tana kallon shiri a waya. Google ma ya ga haka tun 2013: ya ba ma'aikatansa motocin gwaji, sai ga mai kwalliya, ga mai barci, mota na sheƙa gudu. Daga nan suka watsar da tsarin rabi da rabi, suka koma ƙera wadda ba ta jiran direba sam, abin da ya zama kamfanin Waymo.

A Disamban 2023 Tesla ya yi wa motoci sama da miliyan 2 gyara don ƙara tsananta gargaɗin direba.

In 'yar Kwatano za ka saya, ka tuna mai riƙe sitiyari da farin layin titi take gani, ƙurar hunturu kuma tana rufe kyamara. A Toyota da yawa na'urar da ke hango wa birkin abin da ke gaba tana bayan tambarin gaba ne, ka sa bakanike ya duba ko ba a cire ta ba wurin gyaran bamba.