Na canza hici da wuyan tafi-da-gidanka, ga yanda ta kaya

Jama'a sallama. Wata bakwai kenan da nayi wannan canjin, na ja gidan sau biyar, to yanzu ina ganin zan iya magana ba shaci-faɗi ba.

Ga wanda bai san abun ba, nan Amurka akwai irin tirelar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki a ciki da mutane ke ja zuwa hutu. Sunan da suke kiranta, camper, idan na hausantar da shi zai koma kamar ina cewa kamfai, shi yasa a gidanmu tafi-da-gidanka kawai muke cewa. Tawa irin mai dogon wuyan nan ce da ke hawa cikin bodin a-kori-kura, akwai wani guntun ƙarfe mai kaurin inci 2 a ƙasan wuyan, kinfin, shi ke shiga bakin farantin da aka ɗaure a bodi daidai saitin tayoyin baya. Farantin nan shine hici. Duk wanda ya taɓa ganin yanda ake haɗa kan tirela da bodinta ya gane, iri ɗaya ne sai dai ƙarami. Ni kuma tuƙin tirela shine sana'ata a nan Houston, shi yasa na ɗauka na san komai, ashe da saura.

Hicin farko tare da gidan na same shi wurin wanda ya sayar min, irin mai sanda ɗaya da ke gittawa ta bayan kinfin. Yana riƙewa lafiya lau, bai taɓa saki ba, amma akwai ɗan rata tsakaninsa da ƙarfen, duk tashi a danja sai kaji gwaf, duk taka birki sai kaji gwaf. Wannan ma da sauƙi. Tashin hankalin yana kan titin siminti, mun kama babbar hanyar I-10 zamu Fulorida, muna wuce Lake Charles motar ta fara wata irin fizga gaba da baya gaba da baya kamar wani ƙato na tsaye a baya yana jan rigarka yana saki, saboda duk tsagar da ke tsakanin falankin simintin sai tayoyin mota su taka sannan na gidan su taka, kowa da nasa lokacin. Shayin da ke hannun uwargida rabi a kofi rabi a zani. Tace "Malam dan Allah in haka hutun yake ka maida ni gida." Da muka tsaya na buɗe gidan, kwalbar yaji ta faɗo ta fashe, garin kuka ya baje har ƙarƙashin firji, kwana biyu muna atishawa.

Da muka dawo zuciya ta ɗebe ni zan sayi hici mai jakar iska, irin su TrailerSaver, mai tsada sosai. Wani dattijo Bature da muke aje gidajenmu a fili ɗaya shi ya tare ni, yace kafin ka kashe ko sisi jeka sikeli, sannan ka tantance fizga ce ke damunka ko tsalle, dan maganinsu ba ɗaya bane. Kunya ta kama ni wallahi, ni da nake hawa CAT Scale, sikelin auna manyan motoci, kusan kullum da tirelar aiki amma ban taɓa auna tawa ba. Na auna sau biyu, da gidan a haɗe da kuma motar ita kaɗai. Gidan laba 11,800, nauyin da ke sauka kan kinfin bai kai 1,700 ba, wato ƙasa da kashi 15 cikin ɗari, alhali abun da ake so tsakanin 15 ne zuwa 25, yawanci wajen 20. Laifina ne, na jibge janareto da buhun shinkafa da kekunan yara duk a can baya. Na dawo da su ma'ajiyar gaba, a nan kaɗai fizgar ta ragu ba tare da na biya kowa ba.

Sai hici. Na ɗauki B&W Companion, wanda ake ƙerawa a Humboldt ta jihar Kansas. Motata a-kori-kura Ford F-350 ce mai dogon bodi ƙafa 8 kuma ta zo da ramukan ɗaure hici tun daga kamfani, dan haka babu huda babu walda, ka saka ƙafafun a ramuka ka murɗa hannayen ka kulle. Bakinsa muƙamuƙi biyu ne masu kauri da ke rungume kinfin ta ko ina, ratar nan ta tafi, gwaf ɗin danja ya mutu murus tun ranar farko. Abun da yafi burge ni shine cirewa, ko a wurin da ƙasa ta karkace hannun na buɗewa ba sai kayi ta kokawa da shi ba. Ƙarfe ne na gaske, kashi biyu yake rabuwa amma duk da haka ni da babban ɗana muke sauke shi. Kuɗinsa ya haura dala 1,000.

Amma fa kar wani ya ruɗe ka, hici mai kyau ƙara yake kashewa, fizgar titin siminti tana nan dan ƙarfe ne kan ƙarfe. Wanda ya rage fizgar shine wuyan da na canza, na MORryde da ke Elkhart a Indiyana, garin da ake ƙera yawancin gidajen nan. A cikinsa akwai roba mai kauri, kinfin ɗin na ɗan motsawa gaba da baya a jikinta sai ta shanye fizgar kafin ta iso kujerarka. Babu hura iska babu duba geji, ni kuma malalaci ne a wannan fannin. Ka duba lambar da ke jikin tsohon wuyanka kafin kayi oda dan ramukan noti ba ɗaya bane, kuma ka nemo mutum biyu ko jak, abun ba na ɗagawa da hannu ɗaya bane. Bayan ɗaurawa na sake aunawa, tsakanin gefen bodi da ƙasan gidan a samu kamar inci 6, gidan kuma ya tsaya sambal ba ɗage da kai ba.

Watan jiya muka sake bin hanyar, har kan doguwar gadar Atchafalaya mai kusan mil 18. In na kimanta da jikina, kashi uku cikin huɗu na fizgar ya tafi. Uwargida har bacci tayi, ta farka tana tambaya ko mun shiga Luwiziyana, nace Hajiya ai mun kusa Baton Rouge. Tsallen sama da ƙasa a bakin gada shi kam yana nan, dama robar ba dan shi aka yi ta ba, wanda wannan ne ciwonsa sai ya nemi wuya mai jakar iska kamar Trailair ko Goose Box na Reese, ko ya fara duba shokozobar motarsa.

Masu gajeren bodi ku lura, naku lissafin daban ne, a kwana mai tsanani goshin gidan na iya dukan gilashin baya, sai ku duba hici mai zamewa irin SuperGlide na PullRite. Kuma duk nauyin hicin da ka ɗora daga cikin lodin da motar ta yarda ta ɗauka ake cirewa, adadin na nan a takardar jikin ƙofar direba.

Farantin robar nan mai araha da ake sawa tsakanin wuya da hici maimakon giris shima na saka, rigunana sun huta. Har yau dai duk haɗawa sai na leƙa da tocila naga bakin ya rufe, na danne birkin gidan na ɗan ja kaɗan ƙafafunsa na dab da ƙasa, sannan in naɗe su mu kama hanya.